Gwarancin Jariri Karatu Ne, A Amsa Masa

Duk wanda Allah ya nufe shi da zama a gidan da ake goyo, lalle ya san lokacin nan, wajen wata shida zuwa bakwai da haihuwa, da jariri kan tsinci wani sauti a bakinsa, ko "ba-ba-ba" ko "da-da-da", ko kuwa ya haɗa leɓɓa ya furzar da yawu har ya jiƙa zanen goyo, sa'an nan ya yi ta nanata abin nan tun daga asuba har hantsi, ya yi tsit ya saurari kansa, ya ƙyalƙyale da dariya, ya sake ɗaukowa daga farko. Manya kan ce gwaranci yake yi, su wuce abinsu. Ni kuwa a nawa fahimin muraja'a ce irin ta almajiri da allonsa, domin da wannan maimaici ne yaro ke gane alaƙar motsin harshensa da abin da kunnensa ya jiyo.

Masana sun kawo hujja. A shekarar 1984, Janet Werker da Richard Tees suka nuna a ƙasar Kanada cewa jarirai 'yan wata shida zuwa takwas, waɗanda Turanci kaɗai ake yi a gidajensu, suna rarrabe wasu sautukan harshen Hindi da iyayensu ba sa iya rarrabewa, amma kafin su cika shekara sai baiwar ta dushe, kunne ya tsaya ga abin da ya saba ji. Ashe ke nan ɗan Bahaushe tun yana bayan uwarsa yake tsare bambancin "k" da "ƙ", muddin dai ana yi masa magana.

To, wa ke yi masa? A da, in kunyar ɗan fari ta ɗaure bakin uwa, akwai kaka da goggo da 'yar raino masu yi masa tawai, yana faɗi suna mayarwa. Yanzu kuwa, musamman a birane, amarya ita kaɗai ce a ɗaki, sau da yawa idonta na kan waya, alhali na'ura ba ta jiran yaro ya gama nasa ta ba shi amsa.

Abin da ya fi damuna shi ne yabon da muke yi wa shiru, mu ce yaron nan mai haƙuri ne, ba ya da rigima, alhali wataƙila ba ya ji ne. Kurman jariri ma yana kuka, yana dariya. Abin da kan yi masa jinkiri shi ne jera gaɓoɓin nan irin su "ba-ba-ba", kuma sanƙarau da ƙyanda da shawara mai tsanani duk suna iya taɓa ji. Mu da muke fara kiran salla a kunnen jinjiri, mu ne ya fi cancanta mu kula da lafiyar kunnen. Saboda haka in yaro ya kai wata goma ba a ji "ba-ba" ba, kada a tsaya cewa gadon gidansu ne, a kai shi asibiti a auna jinsa.