Haƙƙin Nakamura a Kan Shuɗiyar Fitila

A 1993 Shuji Nakamura, ma'aikacin kamfanin Nichia na ƙasar Japan, ya samar da fitilar LED mai shuɗin haske daga sinadarin galiyam naitiraid, wadda ta buɗe hanyar fararen fitilun da ke haskaka gidajenmu da wayoyinmu ba tare da shan wuta da yawa ba. Takardar mallakar fasahar ta tafi hannun kamfani, shi kuwa aka sallame shi da tukuicin yen 20,000. A ganina an tauye masa haƙƙi. Masu kare kamfanin suna cewa kamfanin ne ya zuba kuɗi, ya sayi na'urori, ya ɗauki kasadar asara, kuma wannan gaskiya ne. Amma ai manyan kamfanonin da suka fi Nichia kuɗi da na'urori sun yi shekaru suna nema ba su samu ba, don haka basirar mutumin ce ta raba gardama. Bayan ya kai kamfanin ƙara, kotun Tokyo ta fahimci haka a 2004 da ta yanke masa yen biliyan 20, ko da yake sulhun da ya yi da kamfanin a 2005 ya rage kuɗin zuwa kusan yen miliyan 840. Kafin nan Nakamura ya riga ya koma Jami'ar Kalifoniya a Amurka, Japan ta rasa shi.