Kwamfuta Mai Jiki Ɗaya ko Mai Akwati?

 

Yau ba zancen kwalliya ko girki zan yi ba, ƙanwata ce ta jawo mana magana. Tun tana aji biyar a sakandare take ɗaukar bidiyon biki da wayarta, kamu ne, walima ce, suna ne, ta harhaɗa da CapCut, har matan unguwa suka fara ba ta ɗan na kati. Da ta kwashi adashinta, Mama ta sayar da tunkiyarta ta cika mata, sai ta ce kwamfuta za ta saya ta riƙi tace bidiyo sana'a. Kun ga kuwa kuɗin da aka tara da guminsu ba na wasa ba ne.

Muna shiga shago idonta ya faɗa kan irin mai jiki ɗayan nan, wadda aka cusa komai a bayan allo. Siririya, fara fat, ba tarkacen wayoyi, sai ka ce madubin amarya. Ta riƙe min hannu ta ce, "Yaya, wallahi wannan nake so." Na ce, "Ke dai tsaya, ba a zaɓen miji don hula."

Gaskiya tana da kyanta. Ba ta cin wuri, ba ta shan wuta da yawa, ga kyamara da lasifika duk a jikinta. Amma tace bidiyo aikin ƙarfi ne. Hoton 4K ya ninka na 1080 sau huɗu wajen ɗigo, kuma kamfanin Adobe na ba masu Premiere Pro shawarar ram giga 16 don HD, giga 32 don 4K. Idan kwamfuta ta ɗau awa guda tana fitar da bidiyo sai ta yi zafi, in ta yi zafi kuma da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Yawancin masu jiki ɗaya kayan laftof ne a cikinsu, wuri a matse, fanka ƙarama. To ki haɗa da zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu, ki gaya min.

Ita kuwa mai akwati, muninta a fili yake, amma cikinta fili ne. Iska na shiga, mai gyara na buɗe ta da sukuddireba ya hure ƙura. Bana ki sa ram giga 16, baɗi in Allah ya buɗa ki ƙara. Ki sa mata katin hoto irin GeForce na Nvidia, wanda DaVinci Resolve ke dogara da shi sosai, shi kuma Resolve akwai na kyauta, ba kamar Premiere da ake biya wata-wata ba. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne allo. In na mai akwati ya fashe, ki aro wani ki ci gaba da aiki. In na mai jiki ɗaya ne, duka za a ɗauke zuwa wurin gyara, ga dangin amarya na ta bugo waya suna tambayar bidiyonsu.

Kada wata ta ce na mance da iMac. Tun 2021 da Apple ya sa mata injinsa na M1 tana tace bidiyo lafiya lau. Sai dai ram ɗinta ba ya ƙaruwa bayan saye, abin da kika biya ranar farko da shi za ki zauna, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin adashinmu.

Mai akwatin ma ta ci mana kuɗi ta bayan gida. Allo daban, allon rubutu daban, sannan dole UPS, don in aka ɗauke wuta ana tsakiyar fitar da bidiyo sai a koma farko. Mai ƙaramin inbata ta yi lissafi tukuna, katin hoto na shan wuta.

Ta hannu muka saya, da ram giga 16, da SSD, da gurbin ƙari guda biyu. Ƙanwata ta kwana biyu tana kumbura fuska, wai ta ɓata mata ɗaki. Yanzu ta ɗinka mata riga mai leshi, ni kuma kullum sai na tuna mata ta cire kafin ta kunna.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.