An bar jaki ana dukan taiki: gardamar magoya bayan Edmonton kan zaɓen matasan 'yan hoki

Duk ƙarshen watan Yuni, idan ƙungiyoyi 32 na gasar NHL suka zauna rabon matasan 'yan wasan hokin ƙanƙara, magoya baya a Kanada da Amurka sukan koma kan tsohuwar shari'arsu. Wannan ya ce ƙungiyarmu ta yi zaɓen tumun dare, wancan ya ce da an ɗauki wane da tuni mun ci kofi. Babu inda wannan gardama ta yi tsami kamar birnin Edmonton, inda har gobe sunan Nail Yakupov yake zaman abin zagi a bakin magoya bayan Oilers. Ra'ayina shi ne mafi yawan masu wannan ƙorafi sun kama wanda ba shi ne ɓarawon ba. Abin da ya durƙusar da Edmonton shekara goma ya faru ne bayan ranar zaɓe, a cikin yadda aka reni yaran da aka ɗauko, kuma su kansu magoya bayan suna da kaso a cikin laifin.

Ga wanda bai saba da tsarin ba, ga yadda yake. A ƙwallon ƙafar Turai ƙungiya takan reni yaro a makarantarta tun yana ƙarami, ko ta saye shi da kuɗi. A NHL kuwa, samari masu shekara 18 ake jerawa a yi zagaye bakwai ana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ne ke kan gaba, sai dai akwai ƙuri'a da ke tantance wanda zai fara. Tun 2005 aka ƙayyade jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta iya biya, saboda haka mai kuɗi ba ya iya sayen dukkan gwanaye. Matashin da ke kan kwantiraginsa na farko, na shekara uku mai araha, shi ne jari mafi daraja. Wannan ne ya sa ranar zaɓe ta zama kamar sallah ga magoya baya, kuma shi ne ya sa suke ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta.

Edmonton ta kai wasan ƙarshe na Kofin Stanley a 2006, Carolina ta doke ta a karawa ta bakwai. Daga nan sai da ta yi kaka goma a jere ba ta shiga zagayen fitar da gwani ba. A tsakanin wannan lokaci ta samu damar zaɓen farko har sau huɗu cikin shekara shida: Taylor Hall a 2010, Ryan Nugent-Hopkins a 2011, Yakupov a 2012, sai Connor McDavid a 2015. Ta kuma ɗauki Bajamushe Leon Draisaitl a matsayi na uku a 2014. Uku daga cikin waɗannan samari biyar, wato Hall da McDavid da Draisaitl, sun ci kyautar Hart, wadda ake bai wa ɗan wasa mafi daraja a gasar baki ɗaya. Nugent-Hopkins kuma ya zama ginshiƙin ƙungiyar fiye da shekara goma. Wanda ya dubi wannan jeri ya ce matsalar Edmonton rashin iya zaɓe ce a saman layi, to sai ya gaya mana ƙungiyar da ta fi haka dacewa.

Saura Yakupov, wanda a kansa ake kafa hujja. A 2012 ofishin NHL mai tantance matasa shi ya sa a matsayi na ɗaya cikin masu wasa a Arewacin Amurka, kuma mafi yawan masana sun yarda da hakan a lokacin. A kakarsa ta farko, wadda rikicin albashi ya rage ta zuwa wasa 48, ya jefa ɗan faifan roba a raga sau 17, fiye da kowane sabon ɗan wasa a gasar. Kocin da ya yi wannan a ƙarƙashinsa, Ralph Krueger, an sallame shi a ƙarshen kakar. Aka kawo Dallas Eakins, aka kore shi a Disamban 2014, Todd Nelson ya riƙe, sannan Todd McLellan ya karɓa a 2015. Yaro ɗan ƙasar Rasha, mai shekara 19, yana koyon gasar da ta fi kowace wuya a duniya, ya ga koci huɗu cikin kaka huɗu, kowanne da tsarinsa da abin da yake so. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma idan kowace shekara wani hannu ne zai tanƙwara shi zuwa wata fuska dabam, ƙarshensa karyewa.

Masu ja da wannan magana suna da amsa mai nauyi, kuma ya kamata a saurare ta. Sun ce Yakupov ya koma St. Louis a 2016, ya koma Colorado, bai yi abin kirki a ko'ina ba, har ya tattara ya koma Rasha a 2018. Ashe ke nan matsalar a jikinsa take. Mai yiwuwa ne yana da raunin da babu kocin da zai gyara. To amma a bar musu Yakupov ɗin kyauta, sai su bayyana mana sauran. Devan Dubnyk, mai tsaron raga da Edmonton ta ɗauka a matsayi na 14 a 2004, an rabu da shi a Janairun 2014 ana ganin ya ƙare. A 2015, yana Minnesota, ya shiga cikin ukun da suka yi takarar kyautar Vezina ta gwanin masu tsaron raga. Jeff Petry ya koma Montreal a 2015 ya yi shekaru yana cikin manyan masu tsaron bayanta. Justin Schultz, wanda 'yan kallo suka riƙa yi wa ihu a filin Edmonton, ya koma Pittsburgh a 2016 ya ɗaga kofi biyu a jere. Shi kansa Hall, a New Jersey ya ci kyautar Hart a 2018, shekara biyu bayan an musanya shi da Adam Larsson. Idan mutum ɗaya ya lalace a gida, ana iya cewa halinsa ne. Idan huɗu suka fita suka gyaru a gidajen wasu, sai a dubi gidan.

Gidan kuwa yana da tsaga tun daga tushe. A tsarin hoki, makarantar da ake gasa matashi kafin ya hau babbar gasa ita ce gasar AHL, inda kowace ƙungiya take da ƙaramar ƙungiyarta da kocinta da ke koyar da salon wasanta. Edmonton ta dakatar da tata a 2005, ta yi kaka biyu tana raba yaranta ga ƙananan ƙungiyoyin wasu, inda kocin ba shi da dalilin fifita ɗan aro a kan nasa. Dubnyk yana cikin waɗanda suka taso a wannan zamani. Ga kuma wata ƙa'ida da ta ƙara dagula lissafi a shekarun nan: yaron da aka ɗauko daga gasar matasa ta Kanada, matuƙar bai kai shekara 20 ba, ba a iya tura shi AHL, ko dai ya zauna a NHL ko ya koma cikin yara. Ƙungiyar da ke neman abin da za ta nuna wa 'yan kallo takan zaɓi ta farko. Haka aka yi wa Draisaitl, ya buga wasa 37 ya ci sau biyu kacal, sannan aka mayar da shi gasar matasa a Janairun 2015, bayan an riga an cinye shekara guda daga kwantiraginsa mai araha. Shi ya tsira saboda girman baiwarsa. Jesse Puljujärvi, ɗan Finlan da aka ɗauka na huɗu a 2016, an yi ta kai shi Bakersfield ana dawo da shi har ya gaji ya koma ƙasarsa a 2019.

Magoya bayan da ke son tsokanar Edmonton sukan kawo misalin Detroit: ta samo Nicklas Lidström a matsayi na 53 a 1989, Pavel Datsyuk a na 171 a 1998, Henrik Zetterberg a na 210 a 1999. Sukan ce wannan ita ce basirar zaɓe. Akwai gaskiya a ciki, domin Håkan Andersson, mai nemo wa Detroit matasa a Turai, ya cancanci yabon da ake yi masa kan Datsyuk da Zetterberg. Sai dai da Detroit ta san abin da Datsyuk zai zama, ba za ta bar mutum 170 su wuce kafin ta kira sunansa ba. Abin da ta yi da gangan shi ne haƙuri. Datsyuk ya zauna a Rasha har 2001, ya zo yana da shekara 23. Zetterberg ya ci gaba da wasa a Suwidin har 2002. Da suka zo kuma, sun tarar da Steve Yzerman da Lidström a ɗakin sauya kaya, aka ba su ƙaramin aiki suna koyo, babu wanda ya ce su ɗauki gari a kansu. Detroit ta yi kaka 25 a jere tana shiga zagayen fitar da gwani.

Tampa Bay ma haka. Ta ɗauki Nikita Kucherov na 58 da Ondřej Palát na 208 a 2011, da Brayden Point na 79 a 2014. Palát ya taso a hannun Jon Cooper a ƙaramar ƙungiyar Norfolk, wadda ta yi nasara a wasa 28 a jere ta kuma ci kofin AHL a 2012. Da aka ɗaga Cooper zuwa babbar ƙungiya a 2013, yaran sun tarar da kocin da ya san su da tsarin da suka haddace. Kofunan 2020 da 2021 daga wannan gona suka fito.

Wata hujjar da ake kawowa ita ce babu mai cin kofi sai da tauraron da aka ɗauka a sama, kamar Sidney Crosby a Pittsburgh ko Patrick Kane a Chicago. Wannan ma gaskiya ce mai rabi. Pittsburgh tana da Kris Letang, na 62 a 2005. Chicago tana da Duncan Keith, na 54 a 2002, wanda ya yi kaka biyu cur a AHL kafin ya taka babbar gasa. Buffalo kuwa ta bi wannan hujja har ƙarshenta: a kakar 2014 zuwa 2015 ta rushe kanta don ta zo ta ƙarshe, har wasu magoya bayanta suna tafi idan abokan hamayya suka ci su a gida. Ƙuri'a ta ba Edmonton McDavid, Buffalo ta samu Jack Eichel, bayan ta riga ta ɗauki Sam Reinhart na biyu a 2014. Duka biyun zaɓe ne mai kyau. Eichel ya ɗaga kofi a Vegas a 2023, Reinhart ya ɗaga biyu a Florida, Buffalo kuma ta shafe fiye da shekara goma ba ta ga zagayen fitar da gwani ba.

Florida ɗin da ta doke Edmonton a wasan ƙarshe na 2024 da na 2025 ta cika da 'yan wasan da wasu suka zaɓa suka kasa amfana da su. Reinhart ne ya ci ƙwallon da ta ba su kofin 2024. Sam Bennett, wanda Calgary ta ɗauka na huɗu a 2014 ta kuma rabu da shi a 2021 ana kiransa asara, shi ne gwarzon zagayen fitar da gwani na 2025. Gustav Forsling kyauta Florida ta tsince shi bayan Carolina ta sake shi. Ita ma Edmonton ɗin, ba ta kai wannan mataki ba sai da ta koyi jira: Evan Bouchard, na goma a 2018, an mayar da shi gasar matasa bayan wasa bakwai, ya yi kaka guda a Bakersfield, sannan ya zama jigon bayanta.

Me ya sa magoya baya suka fi son gardamar ranar zaɓe? Saboda tana da sauƙi. Jerin sunaye yana nan a intanet, kowa na iya dubawa bayan shekara goma ya ce ai Connor Hellebuyck yana nan har matsayi na 130 a 2012, ya manta cewa kowace ƙungiya a gasar ta tsallake shi a zagayen farko-farko, har da Winnipeg da ta ɗauke shi daga baya. Da na sani ƙeya ce. Reno kuwa ba ya faruwa a gaban kyamara: mintuna nawa aka ba yaro, da wa aka haɗa shi a layi, wa ke kula da shi idan ya yi wasa goma bai ci ba, shekara nawa kocin ƙaramar ƙungiya ya yi a kujerarsa. Mafi muni, mutumin da ke zagin shugabanni kan Yakupov yau, shi ne wanda ya sayi riga mai sunan yaron tun bai taka ƙanƙara ba, ya matsa a sa shi a layin farko yana ɗan shekara 18, ya nemi a kori koci bayan wata uku, sannan ya yi wa yaron ihu a shekara ta uku. Shugabannin da ke tsoron kujerun filin su zama wayam sukan ji wannan murya, kuma wanda ke biyan kuɗin saurin shi ne saurayin da aikinsa na rayuwa ya ƙare kafin ya cika shekara 25.

Mai goyon bayan da yake son ƙungiyarsa da gaske, idan Yuni ya zo ya yi murnar zaɓe yadda ya ga dama. Amma tambayoyin da suka dace ya riƙa yi wa shugabanni su ne na watan Nuwamba: wa ke horar da ƙaramar ƙungiya, yara nawa daga zagaye na uku zuwa na bakwai suka hau babbar gasa cikin shekara biyar, kuma wane ne a ofis yake da ikon cewa wannan yaron bai nuna ba tukuna, a bar shi wata shekara, ko da jaridun gari da masu kiran waya a rediyo za su yi ta kumfar baki har bazara.