Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

Mu da muka saba ganin kabari da tulin ƙasa da ice ko fasasshiyar tukunya, wannan batu zai zo mana baƙo. Amma a Amurka da Ingila, inda ake kafa allon dutse da sunan mamaci a kan kabari, gardama ce ta gaske tsakanin masu binciken asalin kakanni.

Ga abin da suke yi. Idan rubutun ya dusashe, sai mutum ya shafe dutsen da kumfar aski, ya kankare samanta, farin ya maƙale cikin haruffa, ya ɗauki hoto. Wasu ma da ita suke wanke dutsen.

Masu goyon baya suna cewa abin da fuskar mutum ta jure ba zai cutar da dutse ba. A gaskiya suna da 'yar hujja, domin sinadarin sitiyarik asid da ke cikin kumfar ba shi da ƙarfi, kuma ba za ka ga dutsen ya narke a gabanka ba.

Ni dai a ganina hujjar ba ta isa ba. Fata tana sabunta kanta, dutse kuwa abin da ya rasa ya rasa. Tsofaffin allunan mabul da na dutsen yashi cike suke da 'yan kafofi, suna shan ruwa kamar sabuwar randa. Maiƙo da turaren kumfar su ma ciki suke shiga, su riƙe ƙura, su zame wa gansakuka abinci. Wa zai ɗauki jarkoki zuwa maƙabarta don ɗauraye dutse ɗaya? Ga kuma kankarewar, wadda kan tafi da ɓarɓashin dutsen da ya riga ya yi laushi. Shi ya sa ƙungiyar Association for Gravestone Studies, wadda aka kafa a Amurka a 1977, take gargaɗin a guje ta.

Abin da ya fi ba ni haushi, mai karatu, shi ne akwai hanya mai sauƙi. Madubi kawai za ka riƙe, ka karkato hasken rana ya bugi dutsen ta gefe, inuwa ta cika haruffan, sunan ya fito ba tare da ka taɓa komai ba. In wanki ya zama dole, ruwa mai tsabta da buroshi mai laushi sun wadatar, shi ma sai in dutsen bai fara ɓarewa ba.

Wani mamacin, wannan allo ne kaɗai wurin da sunansa ya rage a rubuce, jikokinsa kuma suna tafe nema.