Baƙin gashin 'yan Ailan: baƙo ne ko ɗan gida?

Wanda ya san Turawa a finafinai kawai, idan aka ambaci ɗan Ailan, hoton da zai zo masa shi ne na mutum mai jan gashi. Alhali masu jan gashi ba su wuce kusan ɗaya cikin goma na mutanen wannan tsibiri da ke yamma da Birtaniya ba. Mafi yawansu gashinsu ruwan ƙasa ne, na wasu ya yi duhu har ya kai baƙi, wasu kuma har idanunsu masu duhu ne. Su ake yi wa laƙabi da "Baƙaƙen 'yan Ailan", musamman a Amurka. Daga ina suka samo wannan kama? Na ɗauko tambayar a wannan makon ne domin amsarta tana koya mana yadda ake auna labarin asali kafin a rungume shi.

Labarin da ya fi shahara shi ne na rundunar Armada. A 1588 Sarki Filib na Biyu na Sifaniya ya tura jiragen ruwan yaƙi kusan 130 domin ya ci Ingila da yaƙi. Da haƙarsa ba ta cim ma ruwa ba, sai jiragen suka kewayo ta arewacin Sikotilan za su koma gida, guguwa ta farfasa fiye da 20 daga cikinsu a gaɓar Ailan. Wai sojojin da suka tsira ne suka zauna, suka auri matan ƙasar, suka bar musu baƙin gashi gado.

Labari ne mai daɗin ji, amma lissafi bai goyi bayansa ba. A gaɓar Streedagh ta yankin Sligo, jirage uku suka tarwatse a rana ɗaya, sama da mutum 1,000 suka halaka. Jirgin Girona ya nutse a gaɓar Antrim da mutum kusan 1,300, waɗanda suka fita da rai ba su kai goma ba. Waɗanda teku ta bari kuma takobi bai bar su ba, domin wakilin Sarauniyar Ingila a Ailan, William FitzWilliam, ya ba da umarnin a kashe duk wanda aka kama. 'Yan kaɗan da suka sami mafaka, irin su Kyaftin Francisco de Cuéllar wanda ya rubuta labarin wahalarsa a 1589, burinsu shi ne su tsallaka Sikotilan su nemi hanyar gida. Ko da a ce wasu sun zauna, ko kuma fataken Sifaniya da suka daɗe suna ciniki da birnin Galway sun yi aure a can, ta yaya wannan ɗan adadi zai sauya kamannin al'ummar da ta kai mutum miliyan ɗaya?

Amsa mai tushe ta fito ne daga ƙasusuwan magabata. A ƙarshen 2015, Lara Cassidy da Dan Bradley na Kwalejin Trinity da ke Dublin, tare da masana na Jami'ar Queen's ta Belfast, suka bayyana sakamakon binciken ƙwayoyin gado na mutum huɗu. Ta farko mace ce manomiya da aka binne a Ballynahatty, kusa da Belfast, shekara 5,200 da suka wuce. Ƙwayoyin gadonta sun nuna baƙin gashi gare ta da idanu ruwan ƙasa, kuma tushen kakanninta yana Gabas ta Tsakiya, inda noma ya faro kafin ya bazu cikin Turai. Ke nan an yi mai baƙin gashi a Ailan fiye da shekara 4,000 kafin a sassaƙa jirgin Armada ko ɗaya.

Sauran ukun maza ne daga tsibirin Rathlin, waɗanda suka rayu kimanin shekara 4,000 da suka wuce. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gadonsu ya fito ne daga makiyayan filayen da ke arewa da Bahar Aswad, a ƙasashen Yukren da Rasha na yau, kuma su ne suka fi kusa da 'yan Ailan na yanzu. Kafin waɗannan rukunoni biyu akwai mafarauta da suka zauna a tsibirin tun kimanin shekara 10,000, waɗanda bincike ya nuna fatarsu mai duhu ce amma idanunsu shuɗaye ne. Tun da launin gashi yana rataye ne a kan ƙwayoyin gado fiye da 100, na ido kuma akasari a kan wasu dabam, ba mamaki a ga baƙin gashi da shuɗin ido a fuska ɗaya, ko 'yan ɗaki ɗaya kowa da launinsa.

A nan nake ganin an juya tambayar ta baibai. Baƙin gashi da duhun ido su ne kamannin da ɗan Adam ya fito da su daga Afirka, su ne kuma na akasarin mutanen duniya har yau. Jan gashi da shuɗin ido su ne sauyin da ya zo daga baya. To, me ya sa aka tsare ɗan gida da tambayar daga ina yake?

Wani ɓangare na amsar yana cikin siyasa. A 1885 wani likitan Ingila, John Beddoe, ya wallafa littafi a kan jinsunan Birtaniya, inda ya ƙirƙiro ma'aunin duhun gashi, ya kusanta mutanen yammacin Ailan da 'yan Afirka. A zamanin da Ingila ke mulkin Ailan, tana kuma shirin raba Afirka da takwarorinta, wannan kwatance ba yabo ba ne, hujja ce ta cewa duka biyun sun cancanci a mulke su. A fahimtata, labarin Armada ya sami karɓuwa ne domin ya ba mai baƙin gashi kaka jarumi Bature, ya raba shi da wancan gori. Amma labarin ya amince da tushen gorin, wato cewa duhu aibi ne da sai an nemo masa uzuri.

Shawarata ga ɗalibai ita ce, duk lokacin da aka danganta kamannin wata al'umma da wani baƙo da ya zo daga nesa, su yi tambaya uku: su nawa ne suka zo, yaushe suka zo, kuma wa ke cin ribar labarin? Fuska ba ta isa shaidar asali ba. Labarin Armada ya daɗe yana yawo a bakin mutane, amma ƙasusuwan mace ɗaya daga Ballynahatty sun isa su nuna cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.