Mu Bi Gulbi Daga Argungu Zuwa Birnin Kebbi

'Yan'uwa ɗalibai, kowace shekara muna karanta tarihin Kanta da daular Kabi a aji, amma yawancinmu ba mu taɓa shiga kwalekwale a gulbin da ya ciyar da daular ba. A ganina, ya kamata makaranta ta shirya mana tafiya ta ruwa daga Matan Fada har Birnin Kebbi.

A Matan Fada ake bikin kamun kifi, wanda aka soma a 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Birnin Kebbi kuwa nan ne mazaunin sarakunan Kabi kafin a ci garin a 1805. Wanda ya riƙe filafili tsakaninsu, ya ratsa fadamun shinkafa, ba zai manta darasin ba.

Na san iyaye za su ji tsoro, kuma suna da gaskiya. A Mayun 2021 jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse a kogin Neja, yankin Ngaski, mutane da yawa suka rasu. Saboda haka kada mu tashi da damina. Mu jira Nuwamba, ruwa ya lafa. Mu nemi izinin Sarkin Ruwa, masunta su ja gaba. Kowa ya sa rigar kariya, wanda bai iya iyo ba ya koya tukuna. Nuhu ma bai jira saukar ruwa ba kafin ya sassaƙa jirgi.

Malamai, mu dai a shirye muke. Ubangiji ya kiyaye mu, amin.