Filin Mawaƙa: Kada Jita Ta Yi Gardama da Jama'a



Wani saurayi daga Gwaram ya rubuto mana da damuwa. Shi ne mai kaɗa jita a majami'arsu, amma in zumuntar mata suka ɗauko waƙa sama da inda ya saba, sai ya rasa inda zai sa yatsa. Jita tana gabas, mata suna yamma. Har dattawa sun fara cewa a jingine jitar.

Ɗana, kada ka karaya. Maganin yana kusa da kai. A Birnin Kudu akwai duwatsun nan masu ƙara kamar ƙararrawa, waɗanda Bernard Fagg, Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, ya gani a 1955. Kowane wurin da aka buga da muryarsa. Haka wuyan jita yake, aikinka shi ne sanin mazaunin kowace murya.

Ƙarafunan da ke kwance a wuyan jita sun raba shi ɗaki ɗaki. Kowane ɗaki rabin taki ne. Daga do zuwa do na sama ɗaki 12 ne a kan tsirkiya ɗaya, kuma tafiyar ita ce 2, 2, 1, 2, 2, 2, 1. Amma ba sai ka bi tsirkiya ɗaya ba.

Sa yatsan tsakiya a ɗaki na 3 na tsirkiya mafi kauri. Do ke nan, wato G. Ƙaramin yatsa a ɗaki na 5, re. Koma tsirkiya ta kusa da ita: ɗaki na 2, 3, 5, su ne mi, fa, so. Ta gaba kuma: 2, 4, 5, su ne la, ti, do. Kowane yatsa da ɗakinsa, hannu bai motsa ba.

To, ga abin murna. In mata suka hau sama, ɗauki wannan tsari ɗungum ka matsa da shi. Do a ɗaki na 5 ya zama A, a na 8 ya zama C. Yatsu ba su sake hanya ba, mazauni kaɗai ya sake. Saboda haka idan aka ɗauko waƙa, kada ka yi garaje. Saurara tukuna, ka lalubi do a hankali a kan tsirkiya mai kauri, sa'an nan ka shiga.

Iyaye, ku ba yaron minti 15 kowace maraice. Mama ta ta da waƙa inda ta ga dama, shi kuwa ya neme ta. Sannu ba ta hana zuwa. Makaɗi a cikin sujada bawan jama'a ne, shi ke bin su. Ku karanta Zabura 33 tare a sujadar iyali.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.